Inna Fes da Yaranta Masu Hular Kwano

Ranar da Inna Fes ta tafka abin kunyar da har yau ba a daina yi mata dariya a kansa ba, ina bakin famfo ina ɗaurayar robobin ƙanƙarar da nake sayarwa, don haka ba labari aka ba ni ba. Ta fito daga ɗakinta da wata shuɗiyar riga mai ƙatuwar farar lamba a baya, ta ɗaga ta sama yadda duk gidan hayar zai gani, ta kira autanta ya zo ya ga aiki. Wai wani marar tarbiyya ne ya yi masa zane da baƙar tawada a kan lambar, shi kuma ya bar ta haka saboda ba shi da uwa a kusa. Tun da sassafe take fama da ita. Ta sa lemon tsami, ta sa kananzir, ta jiƙa a ruwan zafi, ta bi da buroshi, har da wani haɗi nata da ba ta taɓa gaya wa kowa abin da ke ciki ba. Ga lamba nan fara tas, ko ɗigo babu.

Auta ya fito da kofin shayi a hannu. Hutu ya zo daga Amurka, saura kwana kaɗan ya koma. Ya dubi rigar, ya dubi uwar, ya sake duban rigar, sannan ya ajiye kofin a kan bango kamar ya yi masa nauyi.

"Inna, ba zane ba ne. Sa hannu ne."

Ashe rigar wata ƙungiyar ƙwallo ce ta can, kuma babban ɗan wasansu ne ya sa mata hannu. Auta ya ce yini guda ya yi a layi cikin sanyi, har yatsunsa suka daina jin taɓi, kafin ya kai gaban mutumin. Inna ta saurara da kyau, rigar na ɗiga a ƙafarta, sai ta tambaye shi ko takarda ce ta yi tsada a ƙasar da har babban mutum zai riƙa rubutu a jikin tufar mutane. Ni dai a nan robar hannuna ta faɗi. Na yi dariya har sai da na dafa famfo, matar ɗakin ƙarshe ta leƙo, ita ma da ta ji sai ta koma ciki tana tari.

Auta bai yi dariya ba, bai kuma yi faɗa ba. Ya karɓi rigar, ya matse ta da kansa, ya rataya a igiya, ya ce, "Ba komai, Inna." Duk wanda ya haifa ya san irin wannan ba komai. Gara a zage ka.

Bari in faɗi wace ce Inna Fes, don kada a ɗauka wata sakarya ce. Ɗakinta na jikin nawa, bango ɗaya ya raba mu, kuma bangon bai fi kwali kauri ba. Ta riga ni shigowa gidan da shekaru. Mijinta direban babbar mota ne, ya rasu ya bar mata 'ya'ya uku da baho biyu, da bahon ta riƙe su. Wankau take yi da guga. Ma'aikatan ofis, malaman makaranta, gwauraye masu ƙyuyar wanki, duk nan suke kawo ƙunshinsu. In ta gama da riga sai ta ɗaga ta a rana, ta karkace kai, ta ce "fes", daga nan sunan ya bi ta, har masu karɓar kuɗin wuta da shi suke kiranta. Hannunta kuwa in ta gaisa da kai sai ka ɗauka buhu ka taɓa.

Ba ta yi karatu ba, kamar ni, amma tufa take karantawa. Ta san wanda ke shan taba a ɓoye, ta san wanda ya rame bai gaya wa iyalinsa ba, ta san wanda aka ƙara wa girma a ofis tun kafin ya fara ɗaga hanci, don wuyan rigarsa ya daina yin baƙi. Ba ta kuma faɗa wa kowa. Ni ce mai faɗa, shi ya sa take kirana Rediyo.

'Yan matan biyu sun yi aure a wasu garuruwan. Auta shi ne mai ƙwaƙwalwa. A ƙarƙashin teburin gugarta ya yi karatunsa, tururi na sauka a kansa, har Allah ya yi masa hanya ya tafi Amurka, ya samu aikin kwamfuta a wani kamfani. Kada a tambaye ni irin aikin, ni dai na san ana zama a kujera a yi shi. Tun da ya tafi, duk ƙarshen mako yana kiranta, su yi ta hira har wayar ta yi zafi ta sauya kunne. Ya ba ta labarin maƙwabtansa, da tsadar aski, da yadda ya ƙona tukunya. Ni ma ta bango nake shan rabona.

To bayan ya koma daga wannan hutun sai hirar ta ƙafe. Zai kira, ya tambayi jiki, ya tambayi aiki, ya ce a gaida mutanen gida, shi ke nan. In ta ja shi da zance sai ya ce yana sauri. Wani makon ma kiran ba ya zuwa. Na ga abincin Inna yana kwana a kwano, kuma wata rana na ji ƙaurin ƙuna daga teburinta. Wuyan rigar wani malami ta ƙona, ita da tun da na san ta ba ta taɓa ko sa wa tufa shaidar dutsen guga ba. Da na matsa mata, tana naɗe zanin gado ba ta dube ni ba, ta ce tana jin ba tawada kaɗai ta wanke ba ranar nan, har da ɗanta ta haɗa.

Na ce ta daina wannan magana, riga ce fa. Ta ce in riga ce kawai, ba zai yi mata layi cikin sanyi ba, kuma tun da ita ba ta san abin da ta ɓata ba, ba ta san irin haƙurin da za ta bayar ba.

A bakin layinmu akwai mai gyaran waya a wata 'yar rumfar katako, muna ce masa Injiniya, duk da rabin wayoyin da ake kai masa da sabuwar cuta suke dawowa. Can Inna ta nufa, ni kuma na bi ta don irin wannan tafiya ba a barin ta ta wuce mutum. Da farko cewa ta yi ya nemo mata lambar mutumin nan mai rubutu a riga, ta roƙe shi ya sake. Injiniya ya ce ko shugaban ƙasa ya fi sauƙin samu. Sai ta ce to ya nuna mata wasan ta gani da idonta.

Injiniya mayen ƙwallon ƙafa ne, ya yatsina fuska ya ce wannan ba ƙwallo ba ce, kokawa ce ta masu kuɗi, ƙwallon ma kamar gwanda take, kuma a hammata ake ɗaukarta. Duk da haka ya binciko ƙungiyar daga wani hoton Auta sanye da rigar da ke wayarta. Sunanta bai taɓa zama a bakina ba, ita ma Inna sau ɗaya ta gwada ta haƙura. Ya ce ranar Lahadi suke wasa, sau da yawa lokacin nan muna barci, amma in ta kawo wayarta ranar Litinin da safe zai zuba mata wasan gaba ɗaya ta kalla a gida.

Haka aka fara. Litinin bayan azahar, in shanya ta bushe, sai ta hura gawayi, ta jingina wayar da gwangwanin sitaci a kan teburin guga, ta ɗauko tabaran marigayi mai hannu ɗaya ta ɗaure da zare. Ni kuma in jawo kujera, wai ina taya ta ninki.

Kallon farko bai yi daɗi ba. Ƙattin maza ne sanye da hular kwano, kafaɗu kamar an cusa musu matashin kai, su yi layi su durƙusa suna hararar juna, sai kawai a kaure. Inna ta tambaye ni ina 'yan sandan ƙasar suke. Da ta ga sun haɗa kai wuri ɗaya suna ƙus-ƙus kafin kowace karawa, ta ce gulma ce, ta ce in an ɗauke ni aiki a can zan yi suna. Abin da ya fi ƙona mata rai shi ne fararen wanduna. Wane mai hankali ne zai sa farin wando ya je ya yi birgima a ciyawa? Ta ce koren ciyawa ya fi man mota taurin kai, Allah ya ji ƙan masu yi musu wanki. Alƙalin wasan ma bai tsira ba. Duk bayan ɗan lokaci sai ya ciro wani hankici ruwan ɗorawa ya wurgar a ƙasa, ya koma ya ɗauka ya cusa a ƙugu ko kakkaɓewa babu. Ta ce daga gani ba shi da mata.

Na ɗauka daga wannan ta gama. Litinin ta gaba sai ga ta a rumfar Injiniya tun bai buɗe ba.

A hankali ta fara gane kan abin, ba tare da kowa ya koya mata ba. Wata rana ta ajiye dutsen guga ta ce in zo in gani. Ana ba su dama huɗu ne su matsa gaba kaɗan, zuwa wani layi. In sun kai, sai a sake ba su wasu huɗun. In sun kasa, su ba abokan karawa ƙwallo. Ba a ce sai sun kai ƙarshen fili a tashi ɗaya ba, a dai matsa. Ta ce ai ita ma haka ta yi renon yara uku, ba ta taɓa hango ƙarshen fili ba, layin gabanta kawai take nema. Na ce to ita wace ce a cikinsu, mai jifa ko mai gudu? Ta nuna min wasu masu tumbi da ke gaba suna ture-ture, waɗanda ko taɓa ƙwallon ba sa yi, ba kuma wanda ke tafa musu. Ta ce ga danginta nan.

Daga lokacin suka zama "yaranmu". Yaranmu sun yi ƙoƙari, yaranmu ba su ci abinci ba yau, an zalunci yaranmu. Kuma Allah ya haɗa ta da ƙungiyar da ba ta san hanyar nasara ba. A ci su wannan mako, a ci su na gaba, su yi kamar za su farfaɗo, a sake kwantar da su. Injiniya ya ce da gangan Auta ya zaɓi masu wahala, don ya riƙa tuna gida.

Sai ta kafa doka a gidan: ranar Litinin kada wanda ya kuskura ya gaya mata yadda wasa ya ƙare kafin ta kalla. Dokar ta ba ni dariya, don duk layinmu, in ban da Injiniya, ba mai sanin ana wani wasa irin wannan a duniya. Amma tun da an kafa doka, ai dole a samu mai taka ta. Sai na riƙa biyawa ta rumfar Injiniya in na fita sayen leda, ya duba min sakamako, in dawo in wuce ta gaban teburinta da fuskar ta'aziyya, in ce sannu Inna, Allah ya ba da haƙuri. Ko sun ci haka nake yi, ko an ci su. Wani lokacin kuma in wuce ina rangaji ina waƙa ranar da aka yi musu dukan kawo wuƙa. Ta juya teburinta ya fuskanci bango, na koma yin ajiyar zuciya da ƙarfi. A ƙarshe ta kira ni gefe ta ce in ban daina ba za ta tsaya a tsakar gida ta lissafa zannuwan da nake fita biki da su, ta faɗi mai kowane. Na rage, ban daina ba.

Duk wannan kallo, ba don ƙwallo ta fara shi ba. Injiniya ya nuna mata yadda ake danna wani wuri a yi magana a tura. Tana kallo tana aika wa Auta saƙon murya, kamar suna zaune tare. Ta tambaye shi ya aka yi mai jifa ya rame. Ta ce a gaya wa mai lamba kaza ya daina gudu yana waige. Ba ta taɓa ambatar riga ba. Alama na nuna ya saurara, amma amsa ba ta zuwa. Ta ci gaba da turawa kamar mai ban ruwa a tukunyar da ba ta san ko akwai iri a ciki ba.

Amsar farko kuskure ne ya jawo ta. Akwai wani siririn yaro da ke shigowa jefi-jefi ya narka wa ƙwallon duka da ƙafa ta yi sama ta faɗa can nesa. Inna na son sa ƙwarai, ta ce shi kaɗai ne ya san abin da ake kira ƙwallo, kuma wandonsa ba ya datti. Duk ya buga sai ta tafa, ta tura wa Auta barka. Ranar nan ya shigo ya fi a ƙirga, ita kuma ta yi ta murna, sai ga wayar ta yi ƙara. Muryar Auta ce, a gajiye, amma da dariya a ƙasanta.

"Inna, don Allah ki daina yi min barka. In kin ga yaron nan ya shigo, mun kasa ne. Abokan karawa muke miƙa wa ƙwallon."

Ta saurara, ta sake saurara, ta kai wa matar ɗakin ƙarshe ta ji, ta kai wa mai gidan haya da ya zo duba kwata. Ranar har ƙanƙara ta saya a wurina ta raba wa yaran gida.

Bayan haka na lura kurakuranta sun yi yawa. Matar da ta gane dama huɗu da kanta, sai ga ta tana tambayar ko mai hankicin nan kocinsu ne, ko an yarda mai tumbi ya zauna a kan ƙwallo ya huta. Kowace tambaya sai Auta ya aiko da gyara, gyaran kuma yana ƙara tsawo. Na ce mata Inna, kin san amsar nan sarai. Ta ce in yaro ba ya zuwa cin abinci, ai sai ka ce ya zo ya buɗe maka kwalba.

Kafin wani lokaci Litinin ta zama ranar hira. Ta tura, ya amsa nan take, ta tura, ya amsa. Su yi musu a kan koci, ita ta ce mutumin kirki ne, shi ya ce a kore shi. Masu zuwa karɓar kaya su tsaya su leƙa wayar, wani gwauro har kujera yake zuwa da ita. Na ce mata to alhamdu lillahi, ɗa ya dawo, sai a yanka min tukuicin rakiya.

Ba ta yi dariya ba. Ta kashe wasan, abin da ba ta taɓa yi ba, ta dubi inuwar bango, ta tambaye ni yanzu wane lokaci ne a can. Na ce ni da ban san na nan ba sai na ji cikina. Ta ce in rana ta karkata a nan, can hantsi ne. Hantsin Litinin. Shekarun da ya yi a kamfanin nan, ko mutuwa aka yi ba ya ɗaga waya a wannan lokaci, shi da bakinsa ya gaya mata ba a yarda ba.

"Mai aiki ba ya hira da uwarsa da hantsin Litinin, Rediyo."

Na ce ta kira shi yanzu ta tambaye shi kai tsaye. Ta girgiza kai, ta ce tabon da ya daɗe in ka far masa da buroshi, tufar ce ke yagewa, sai an jiƙa. Ta kunna wasan ta ci gaba da guga, amma na ga riga ɗaya ta yi ta bi har ta kusa ƙyalli.

Sai da aka sake zagayowa wata Litinin. Wasan ranar ya yi zafi, yaranmu na baya da kaɗan, lokaci ya kusa ƙarewa. Mai jifa ya saki ƙwallo mai kyau, wani sabon yaro ya tsere wa kowa, ba kowa a gabansa, ta sauka daidai cikin hannuwansa biyu. Ta zame ta faɗi. Shi ke nan, an ci su. Aka nuno shi a kan benci shi kaɗai, ya lulluɓe kai da tawul, 'yan'uwansa na wucewa ba mai tsayawa. Gwauron nan ya ce a mayar da shi gidan ubansa. Ni ma na buɗe baki zan sa nawa, Inna ta ɗaga min hannu.

Ta ɗora dutsen guga a mazauninsa, ta goge hannu a zani, ta ɗauki wayar da hannu biyu.

"Auta, ka ga yaron nan mai tawul a kai? Da ina da hanya da na aika masa saƙo. In ce masa ƙwallo takan faɗi a hannun kowa, har wanda ya fi shi. In ce masa uwarsa na can tana kallo, kuma ba ƙwallon take kallo ba, fuskarsa take nema, shi kuma ya rufe ta. Ya cire tawul ɗin nan ta gan shi. In ya so ya mayar daga baya."

Ta tura. Alama ta nuna ya saurara. Amsa ba ta zo ba. Masu kallo suka watse, ta kashe gawayi, ta kwashe shanya, ta ninke, ta ɗaure kowane ƙunshi, wayar na kan tebur kamar dutse.

Rana na gab da faɗuwa wayar ta yi ƙara, kira ne ba saƙo ba. Ta shiga ɗaki ta saki labule. Na riga na faɗa muku kaurin bangonmu, kuma firjina a jikinsa yake, dole in tsaya a wurin in jera ƙanƙara.

Ashe tun kafin ya zo hutu kamfanin ya rage ma'aikata, har da shi. Ya zo ne da niyyar gaya mata, amma da ya ga yadda gidan ya tarbe shi, ana nuna shi ga yara ana cewa su yi koyi, sai maganar ta maƙale. Ya koma yana kai wa mutane saƙon kaya a mota, yana neman wani aikin, kuma duk ya ɗaga waya zai kira ta sai ya ji ba zai iya doguwar hira ba tare da ya yi mata ƙarya ba, shi ya sa yake gajartawa. Ta tambaye shi batun riga. Ya ce ta yi masa ciwo kwana biyu, daga nan ya manta. Sai na ji ta fara yi masa faɗa, irin wanda ban ji ba tun yana ƙarami. Ta ce ita da ta ci da shi da bahon wanki, ita zai ji wa kunyar kai saƙo? Ta ce ya bar ta tana ramewa a kan tsumma. Faɗan bai yi nisa ba ya koma kuka, kukan ya koma dariya, daga nan suka shiga zancen tsadar mai da wata tsohuwa da ke ba shi lemo duk ya kai mata kaya. Har na gama jera ƙanƙara na sake jerawa ba su gama ba. Da ta fito tana riƙe da wayar da gefen zani, don zafi.

Bai samu aiki a makon ba, ko a watan. An kira shi wurare, an ce ya jira, an yi shiru. Amma yanzu duk kiran da aka yi masa tana sani, takan ce an ba mu dama ta biyu, an ba mu ta uku. Can wajen ƙarshen kakar wasa wani ƙaramin kamfani ya ɗauke shi, bai kai na da ba, amma kujera ce da kwamfuta. Litinin ta farko da ya fara zuwa, Inna ta tura saƙonninta kamar kullum, ko alamar saurare babu. Ta riƙa leƙa wayar tana murmushi. Ta ce ba ta taɓa jin shiru mai daɗin wannan ba. Hira ta koma ƙarshen mako, rabi labarin sabon ofis, rabi musu a kan koci, kuma ya ce in Allah ya yarda zai nema mata takardun ziyara ta je ta ga yaranta ido da ido. Ta ce sai in za a bar ta ta gana da mai yi musu wanki.

Yaranmu dai ba su gyaru ba. Wasan ƙarshe ma an ci su, suka ƙare a can ƙasan jeri, Injiniya ya ce in an juya takardar su ne na ɗaya. Ranar Inna na ninke kaya a tsakar gida, maigidana kuma na kwance a kan benci a inuwa, hula a fuska, yana ta minshari tun bayan cin abinci, aikin da ya fi ƙwarewa a kai ke nan tun da na san shi. Na ga dama ta samu. Na ce Inna, yanzu tun da buƙata ta biya, ɗa ya dawo, aiki ya samu, me ya rage? Ƙungiyoyi sun fi talatin a ƙasar nan, har da masu cin kofi. Ki sauya mana, ki huta da baƙin cikin Litinin. Mutum ya yi ta bin waɗanda ba su taɓa faranta masa ba?

Ta gama ninke rigar hannunta, ta daidaita wuyan, ta ɗora a kan 'yan'uwanta. Sannan ta sauke tabarau, ta dubi bencin, ta dube ni.

"Nawa yaran ko ba komai suna tashi su yi gudu. Ke da kika shekara ashirin kina goyon bayan wancan, ko fili bai taɓa shiga ba, ke ce za ki koya min sauya ƙungiya?"